Barira Mai Girkin Biki da Ƙwayar Kemis

A Kusfa in aka ce Barira ba sai an ƙara komai ba, kowa ya san mai girkin biki ake nufi. Tun tana 'yar shekara goma sha uku take zaune gefen kakarta tana tura itace a murhu, har tsohuwar ta rasu ta bar mata ludayi da suna. Aure ne, suna ne, saukar karatu ce, daga cikin birni har Tukur-Tukur ba a ɗora babbar tukunya sai an aiko mata da goro. Ba ta tuƙin tuwo, ba ta wankin shinkafa, wannan aikin matan gida ne. Nata shi ne a kife mata turmi ta zauna, a riƙa kawo ludayi daga kowace tukunya ana ɗiga mata a tafin hannu. Sai ta lasa, ta lumshe ido, ta ce, "Daddawa biyu," ko kuwa, "Sauke." Abin da ta faɗa ya zauna. Ba a ɗanɗana miya bayan Barira ta ɗanɗana, yin haka daidai yake da a zage ta a gaban mutane.

Jiki kuwa Allah ya ba ta, ita ma ta taimaka. Kowane biki akwai kwanon mai girki, a cika shi da tuwo, a zuba man shanu har ya kwanta, uwar biki ta tsaya a kanta sai ta ga ƙasan kwano. Rage loma ɗaya raini ne ga masu gida. Shekara ashirin ana haka. In Barira ta shigo lungunmu, mai keke sauka yake ya koma da baya. Mijinta Malam Mika'ilu, mai ɗinkin hula, siriri ne kamar tsinken tsire, sai da ya kira magini aka sassaƙe bakin ƙofar ɗakinta, ya ce wai don iska ta riƙa shiga.

Ita duk wannan bai taɓa damunta ba, dariya take fiye da kowa. Abin da ya dame ta ya zo ne shekara uku bayan canjin kuɗi. Wata la'asar ta yi sujada, ta zo miƙewa gwiwa ta ƙi. Ta dafa ƙasa, ta dafa bango, a banza. A zaune ta ƙarasa sallar tana hawaye. A asibiti likita ya ce ta rage nauyi, ta rage mai da gishiri, ta riƙa tafiya. Mai da gishiri su ne sana'arta, tafiya kuma ba ta san zuwa ina ba. Abu ɗaya take so a duniya, ta yi sallarta a tsaye kamar kowa.

Jamilatu, 'yar wanta mai buga tafireta a ofis, ita ta kawo mata wani kwalin ƙwayar rage ƙiba. An zana wata Baturiya a jiki, ƙugunta kamar muciya.

"Gwaggo, ba sai da takardar likita ba. Dogara mai kemis ya ce matan manya duk ita suke sha."

"Shi ya taɓa sha?"

"Shi me zai rage? In ya sha ai ɓacewa zai yi."

Barira ta ɓoye kwalin cikin kwalla, ƙarƙashin kwanukan jerenta, ta fara haɗiyar guda kullum da safe. Yunwa ta ɗauke ɗif. Baki ya bushe, zuciya ta riƙa bugawa kamar ana daka a ƙirjinta, hannu na ɗan rawa, harshe kuma kamar ta wuni tana tsotsar kwabo. Ta ce duk ta ji ta gani. Cikin wata biyu zane ya fara zagaye ta har da saura. Wata azahar ta tayar da kabbara, ta yi raka'a huɗu cur a tsaye ba ta dafa komai ba. Da ta sallame ta daɗe a kan buzu tana murmushi ita kaɗai.

Unguwa kuwa hankali ya tashi. Wannan ta aiko da rubutu, waccan ta aiko da kunun gyaɗa. Aka fara raɗe-raɗin ko Malam Mika'ilu ya daina cefane. Bawan Allah kunya ta sa ya riƙa ratso lungu da ƙullin nama a hannu, yana ɗaga shi yadda kowa zai gani.

Ana nan sai aka yi sunan tagwaye a gidan Alhaji Zailani. Tukunya bakwai aka ɗora. Aka kawo ludayin miyar taushe, Barira ta lasa, ba ta ji komai ba sai ɗacin nan.

"Gishiri," ta ce.

Aka zuba, aka sake kawowa. Ta lasa.

"Ƙara."

Mai riƙe da ludayin ta ɗan dubi ta kusa da ita, sannan ta ƙara. Sau huɗu. Haka aka bi sauran tukwanen. Mata ashirin a tsakar gidan nan, kowace ta ga yawan gishirin da ke tafiya, ba wadda ta kai yatsa baki. Aka rarraba kwanuka gida-gida yadda aka saba.

Kwanon biki wankakke yake dawowa. Ran nan kafin la'asar suka fara dawowa da nauyinsu, a buɗe a ga an gutsuri gefen tuwo an mayar da murfi. Aka jera su a gindin bango. Uwar biki ta yi wa Barira godiya har bakin zaure. Sai dai da aka tashi bikin gaba, gida uku tsakaninsa da nata, goro bai zo ba. Daga ɗakinta ta jiyo ƙarar ludaya, ta ji ana kiran sunan wata Talatu da aka ɗauko daga Tukur-Tukur.

Mutum ɗaya ce a birnin nan take da ikon faɗa mata, Kande taubashiyarta, wadda wasa ya halatta mata komai. Ta shigo ba sallama, ta zauna a bakin gado.

"Ke baiwata, ashe kina nan. Na ɗauka iska ta kwashe ki."

"Kande, yau ba na jin wasa."

"Ni ma ba wasa ya kawo ni ba, ƙishirwa ce. Tun sunan tagwaye nake shan ruwa, randa biyu na ƙarar. Akuyar da na bai wa sauran tuwon har yau in ta gan ni juya baya take."

A hankali Barira ta ce, "Har haka?"

"Ya fi haka. Me kike sha?"

Ta buɗe kwalla ta miƙa mata kwalin. Kande ta juya shi, ta ƙura wa Baturiyar ido.

"Wannan ai ba ta taɓa cin tuwo ba. Ita kike so ki zama?"

"Sallah nake so in yi a tsaye, Kande."

Kande ta ajiye kwalin ta ce, "To, harshen fa?"

Washegari Barira ba ta sha ba. Kwana uku tana kwance kai kamar zai tsage, a na huɗu yunwa ta dawo da 'yan rakiya. Bayan mako biyu ta lasa miyar gidanta ta ce kanwa ta yi yawa, kuma ta yi yawan. Kande ta zaga gidaje da labari, goro ya dawo, turmi ya dawo, kwanon mai girki ya dawo, har ana ƙara mata man shanu don ta murmure. Kafin shekara ta zagayo abin da ya tafi ya komo, ya taho da ƙari. Mata na tare ta a lungu suna cewa, "Masha Allah, yanzu kika dawo mutum."

Sau biyu ta sake komawa kan ƙwayar a ɓoye, da damina, lokacin da biki ke ƙaranci. Takan samu 'yan makonni na tsayuwa, kaka na yi ta ajiye don harshe ya dawo, jiki kuma ya wuce inda ya tsaya. A karo na biyun jiri ya kwashe ta a bakin rijiya, Allah ya sa baya ta faɗi. Likita ya auna jininta, ya yi faɗa, ya ce in ta ƙara zuciyar ce za ta tsaya. Ta ce to. Sauran kwalin dai yana nan cikin kwalla, ba ta sha, ba ta kuma yar ba.

Bikin ƙarshe da aka yi a lungunmu tana kan turminta tun hantsi. Aka kawo ludayi, ta lasa, ta lumshe ido, ta ce, "Sauke." Miyar ta yi daɗin da har yau ake zancenta. Ana cikin rabo aka kira azahar, mata suka yi alwala suka jeru a gindin bango. Barira ta dubi gwiwoyinta, ta dubi sahun. Ta yafito Kande.

"Zo ki kama ni in juya gabas."

Kande ta riƙe mata kafaɗa, ta muskuta a hankali a kan turmin har ta fuskanci alƙibla. Sauran suka tayar a tsaye, ita ta ɗaga hannu daga zaune. Kwanon mai girki na gefenta a rufe, yana jiran ta sallame.