Guragun Kwanson Harsashi

Wata Laraba a daminar shekarar da aka samu 'yancin kai, Baba ya dawo daga gonarmu ta gindin dutse a Zurgu, bindiga a kafaɗa, fuska a murtuke. Karo na uku ke nan yana harbin gwaggon birin da ke jagorantar 'yan uwansa suna ɓarnar masararmu, karo na uku kuma yana kuskurewa. Baba tsohon soja ne, har ƙasar Bama ya je Yaƙin Duniya, kuma duk ƙauyen shi kaɗai ke da bindiga mai lasin. Amma an fara raɗe-raɗin wai idonsa ya tafi, har dagaci ya aiko cewa in Juma'a ta wuce ba labari, zai kira maharban garin Kibiya masu kwari da baka. Shekarata tara a lokacin, na kuwa ji zafin maganar nan kamar ni aka zaga.

Harsashi sai Kano, ba kuma kullum ake samu ba, shi ya sa Baba ba ya yar da kwanso. Da yake kwanso kan kumbura in an harba, sai ya shafa masa man kaɗe, ya doka shi cikin wani ƙarfe mai rami da maƙerin Rano ya yi masa, ya koma daidai, sannan ya sake cika shi. Nawa aikin in wanke su da ruwan tsamiya da toka bayan na gama surfe. Ni kuwa wasa ya fi mini komai, sai in karkata tiren Inna in riƙa gangara su suna tsere. Na san halin kowanne. Wasu kan tafi sarai, wasu kuwa sai ɗingishi kamar tsohon jaki.

Da la'asar ɗin nan Baba ya tarar da ni ina wannan shirme, ya buɗe baki zai yi faɗa, sai tsoro ya sa na yi saurin cewa, "Baba, waɗannan guragu ne, kullum su ke zuwa na ƙarshe." Ya tsuguna ya gangara su da hannunsa, ya sake gangara su. Ashe ramin ƙarfen ne ya cinye ta gefe guda, yana fitar da kwanso a karkace, shi ya sa harbin ke kauce wa saiti. Washegari ya hau keke sai Rano, ya tsaya a kan maƙerin har aka ƙera sabon ƙarfe. Da ya dawo ya matse su duka, ya ce, "Uwata, ke za ki zaɓa," don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Na gangara su, na zaɓi huɗu da suka tafi sarai.

Ranar Juma'a da hantsi muna shanyar kuka muka ji ƙara ɗaya tak daga gindin dutse. Inna ta saki guɗa tun ba a kawo labari ba. Baba ya shigo da ragowar harsashi uku a aljihu, gwaggon biri ya faɗi, masara ta tsira, masu maganar ido kuwa suka koma yabon saitinsa. A gaban dagaci ya ɗaga ni sama ya ce idonsa na nan kalau, ga ma wani ƙari. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Yanzu birai sun ƙaura, gidaje sun cinye gindin dutsen, jikokina kuma abin da ya lalace yar da shi suke yi. Nakan yi kewar mutumin da ya je har Bama, amma bai ƙi tsugunawa ya koya daga wasan 'yarsa ba.