Sun Tafi Jam'i, Yaya Umaru Yana Cikin But

Da saukar ruwan bana shekara tara ke nan cif da rasuwar yayana Umaru, direban da ke jigila tsakanin Shagari da Bodinga. Na daɗe ina haɗiye maganar nan, amma ciwon da aka rufe ba ya warkewa, ruɓa yake yi.

But ɗin motarsa ne ya fara yoyo. Ruwan farko ya jiƙa wa wani tela atamfofin biki, na biyu ya ruɓar da buhun albasar wata tsohuwa daga Dingyaɗi. Yaya mutum ne mai kunyar kayan mutane. Ya canja robar bakin murfin, ya liƙe nan ya liƙe can da gam, duk da haka kullum sai ya tarar da ruwa kwance a ramin taya. Daga ƙarshe ya koma ga dabarar da kowane direba ya sani: mutum ya shiga but da tocila a rufe shi, wani ya riƙa kwara ruwa daga waje, in na ciki ya ga inda yake ɗiga sai ya ƙwanƙwasa a buɗe.

Wanda ya riƙe bokitin ranar a tashar Bodinga shi ne Garba, ɗan gwaggonmu, taubashinmu. Kun san wasan taubasai. Zagi ba zagi ba ne, mugunta ba mugunta ba ce, wanda ya yi fushi shi ne ya faɗi. Da Yaya ya ƙwanƙwasa, sai Garba ya haye murfin ya zauna. Waɗanda suke wurin sun ce cewa ya yi, "Hwaɗi da bakinka kai bawana na, sannan in buɗe ma!" Tasha ta ɗauki dariya. Rana ce irin ta bayan ruwa, wadda ƙarfe ba ya taɓuwa, kuma Yaya yana da asma tun muna yara. Garba ya san da haka. A ɗaki ɗaya suka yi ƙuruciya.

Sai aka tada iƙamar azahar. Garba ya jefa makulli a aljihu, suka ɗunguma masallaci, wai ai in ya gaji zai ture kujerar baya ya fito. Ba wanda ya tuna cewa Yaya ya kafe bayan kujerar da katako don kada warin albasa ya dami fasinja. Sun daidaita sahu, sun yi raka'a huɗu, sun zauna sun yi lazimi. Ni da nake tsoron Allah ban san yadda zan ajiye wannan a zuciyata ba, har yau.

Dattawa suka ce wasa ne ya zo da ƙarar kwana, kuma ba a kai taubashi gaban alƙali. Innarmu ta bar maganar saboda gwaggo. Aka yi addu'ar bakwai, Garba ne ma mai raba goro.

Kwanan baya motar maigidana ta yi irin wannan yoyon. Makaniki ya kunna bidiyo a waya, ya ajiye ta a but, ya rufe, ya zuba ruwa, ya buɗe ya duba. Shi ke nan. Na koma ɗaki na yi kuka har aka kira la'asar. Da Yaya yana nan, na san dariya zai yi ya ce ashe waya ta fi shi sauƙin rai. Abin da ban sani ba shi ne yadda zai ji in ya ga motarsa tana bin hanyar Shagari da Garba a sitiyari, don shi aka sayar wa lokacin rabon gado. Da aka ciro gawar an ga da'irar alli a ƙarƙashin fitilar baya ta hagu. Ya gano wurin, ya yi masa alama. Garba ya sa gam daidai nan, but ɗin bai ƙara ɗiga ba.

Garba yana zuwa gidana da salla, ya tsaya a zaure ya ce, "Ina baiwata?" Nakan aika masa da ruwa. Ina roƙon Allah ya ba ni ikon yafewa, bai ba ni ba tukuna.

Me ya saura na Yaya? 'Yarsa Hafsatu, wadda ya bari a goye, da wani suna da tasha ta laƙaba masa bayan ya mutu: Na-But. Da shi ake kwatance, da shi ake tsorata sabbin direbobi ana ƙyaƙyatawa. Ran nan yarinyar ta dawo daga Islamiyya ta tambaye ni, "Gwaggo, Na-But sunan babana ne na gaskiya?" Ashe da shi ake kiranta a aji.

Jininsa na bar wa Allah, shi ne mai hisabi. Sunan nan kuwa a bakinku yake, mutanen Bodinga da Shagari. Rago aka yanka aka raɗa masa Umaru. In za ku ambace shi, ku ce Umaru, ku ce Allah ya jiƙansa. In hakan ya yi muku nauyi, ku yi shiru, yarinyar tana ji.