Kawu Gilas da Maduban Kan Tsauni

Kawu Gilas ake ce masa, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane. Tun yana saurayi yake yankan gilashi a ɗan shagonsa na bayan tasha: na taga, na kanta, da madubin masu aski. Hannuwansa duk tabo ne, amma bai taɓa jin shakkar sana'arsa ba. "Lallaɓa shi ake yi," in ji shi. "In ya ga hannunka na rawa, sai ya sare ka."

Furfura ta fara cin gemunsa lokacin da wata mata ta tsayar da mota a ƙofar shagon. Dakta ce a ilimin taurari. Ta ce suna kafa na'urorin duban sama a kan tsaunin bayan gari, kowace kamar ƙaton kwano, an jera mata ƙananan madubai a ciki, kuma suna neman mai hannun ɗaura su.

"Malam, da girmanka za ka riƙa hawa ƙarafa?" in ji matarsa.

"Ke dai cika min filas da shayi. Gilashi ko a sama yake, gilashi ne."

Haka ya koma ma'aikacin tsauni. Da safe ya ɗaura bel a ƙugu, ya hau, ya wanke madubai, ya ɗaure wanda ya yi sako-sako. Wata rana suna hutawa a inuwar ɗakin janareta ya kasa haƙuri.

"Dakta, wai me kuke nema ne? Taurarin ai ga su nan kowa na gani."

Ta yi dariya. "Kawu, ba su muke nema ba. Akwai wani haske mai tsananin ƙarfi, ana ce masa gamma, ido ba ya ganinsa. Daga can nesa yake tahowa. In ya daki iskar da ke samanmu, sai ya yi 'yar walƙiya shuɗiya, ƙiftawar ido ma ta fi ta daɗewa. Madubanka ne ke tattara walƙiyar su miƙa wa kyamara, mu kuma mu bi sawu mu gano inda ya fito."

"Ashe farauta kuke yi," ya ce. "To, tarkonku na hannuna."

A shekara ta uku aka yi ruwa da ƙanƙara, manya-manya. Da gari ya waye, na'ura guda ta zama kamar bakin tsoho, giɓi ko'ina. Dakta ta tsaya cikin tarkacen ta yi tagumi. Yankin saman da suke bibiya ya kusa kaucewa, in ya wuce sai baɗi.

"'Yata, sauke hannun nan," in ji Kawu. "Akwai madubai a sito ko babu?"

"Akwai, Kawu, amma lokaci..."

"Ki bar ni da lokaci. Ku dai ku shirya awonku."

Shi da injiniyoyi suka duƙufa. Shi yana sama yana ɗaurawa, su suna ƙasa suna saiti da kwamfuta, ana yi ana tsiya. Bayansa ya ƙage, matarsa ta riƙa gasa masa da ruwan zafi tana mita. Kafin farin wata ya dushe a shiga duhu, lokacin da na'urorin suka fi gani, kwanon ya cika tsaf.

Bayan wasu watanni aka tara kowa a ɗakin taro da hantsi, har direba da mai dafa abinci. Dakta ta haska hoto a bango: baƙin fili, da wani jan ɗigo a gefe. Ta ce daga nan hasken ke kwarara, gurbin wani tauraro ne da ya tarwatse tun da daɗewa, kuma ba wanda ya san yana fitar da irin wannan ƙarfi sai yau. Ɗakin ya ɗauki tafi.

Kawu ya matsa gaban hoton, ya gyara tabarau, ya ƙare masa kallo.

"Dakta, irinsa nawa suka rage?"

"Allah kaɗai ya sani, Kawu. Da yawa."

"To, a sayo min sabuwar igiya. Wadda nake hawa da ita ta fara tsinkewa."

Yanzu da shekaru suka ja ya daina hawa, gwiwa ta ƙi. Amma duk madubin da za a kai tsauni sai ya biya ta teburinsa a sito, ya ɗaga shi a hasken taga, ya juya, sannan ya ce a wuce da shi.