Namadi Bai Taɓa Dukan Kowa Ba

Duk wanda ya san Namadi mai gyaran keke a kasuwar Adabka ya san abin taƙamarsa: shekara goma sha ɗaya yana ɗan doka, ko mari bai taɓa yi wa kowa ba. Ka kawo masa faci, sai ya haɗa maka da wannan labari, ko kana so ko ba ka so.

A ƙarshen 1984, wata ranar kasuwa, Malam Muntari na firamare ya zauna a rumfarsa da rediyo. Ana maganar wata babbar ƙasa da ake zargi da gana wa fursunoni azaba, ita kuma ta dage ba ta doki kowa ba. Gardama ta kaure. Wasu suka ce ƙasa mai irin wannan ƙarfi wa zai kai ta ƙara? Namadi ya yar da famfo.

"Ƙarya ta! Komi girman ƙasa, wanda yay yi shi tsaya gaban wanda anka yi ma, shi hwaɗi da bakinai."

Malam Muntari ya ce ai Majalisar Ɗinkin Duniya ta fayyace abin kwanan nan. Azaba ba duka kaɗai ba ce. In ma'aikacin hukuma ya gallaza wa mutum da gangan, a jiki ko a zuciya, don ya amsa laifi, to ya azabtar da shi.

"Har a zuciya?" in ji Namadi, murya ta yi ƙasa.

A bakin rumfar wani dattijon Bafulatani, Manu, yana tsugune yana jiran kekensa. Shekara goma sha takwas da suka wuce an kawo wa Namadi shi, ana zargin ya saci bijimi. Namadi ya san wanda ya sha bulalar sharo yana murmushi, duka ba zai buɗe bakinsa ba. Sai ya sa aka koro shanun Manu tsakiyar bazara, aka ɗaure su dab da rijiya ba a ba su ruwa ba. Mai su kuwa aka zaunar da shi a inuwa, har da damo masa fura. Shanu na jin ƙamshin ruwa suna ta kuka. Rana ta uku Manu ya ce shi ya sata. Sai da ya yi wata tara a gidan yari aka gano bijimin a wani garke can wajen Gummi. Namadi kuwa yabo ya sha, wai mai dabara.

Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Ban da Manu, babu wanda ya tuna zancen a rumfar, yana iya yin shiru. Amma maganar da ya yi yanzun nan tana kunnen kowa. Ya miƙe ya je gaban dattijon.

"Manu, na yi maka azaba."

Manu ya ɗago kai.

"Ni inuwa kab ba ni, Namadi. Su anka bari ga rana. Huɗu sunka mutu, guda da ciki."

Ya kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya da Fillanci, yadda ake kiransu in za a tafi mashaya. Sannan ya ja kekensa, ba a ma gama facin ba, ya tafi.

Namadi ya ƙara shekara tara a wannan rumfa yana gyaran keke, faci kawai kake samu.