Kunkurun Kawu

Na dawo daga karatu da ra'ayoyi da yawa, kuma wanda na fi ji da shi shi ne cewa mutanenmu ba su san daɗin lambu ba. Duk inda aka ba ni kujera sai na faɗa. A can inda na yi karatu, ranar hutu mutum yakan ɗauki gorar ruwa ya shiga cikin itatuwa ba don yana neman komai ba, ya dawo a gajiye yana murna. Abin da ba na faɗa shi ne ni kaina ban tabbata na taɓa jin daɗin abin ba. Sanyi nake ji, ƙafata na ciwo, ina murmushi don na ga kowa na yi. Lambun shaƙatawa da ke bayan garinmu kuwa ban taɓa taka shi ba. To in dai maganar lambu za a yi, gara a yi ta Kawu, wanda ya fi ni zuwa nesa ba kusa ba.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Direban bas ne har ya ajiye aiki, irin bas ɗin da makarantu da ƙungiyoyin mata ke ɗauka in za su yawon buɗe ido. Babu lambu ko dam ko dutse a yankinmu da bai kai mutane ba. Mun taso muna jin labaran wuraren nan daga bakinsa, yana zaune a tsakar gida, matarsa da muke kira Inna tana goge masa takalmin gobe. Akwai gadar igiya mai lilo, akwai tafki mai fararen agwagi, sannan akwai wani tsohon kunkuru a lambun bayan gari, wanda Kawu ya ce da ya ji muryarsa yake fito da kai.

Tun da ya ajiye aiki Kawu ya zauna. Likita ya ce ya riƙa tattaki, ya ce shi da ya yi rayuwarsa a kan taya ba zai koma ƙafa da tsufa ba.

Wata safiya ya kira ni, ya ja ni bayan gida inda tsofaffin tayoyi ke jingine, ya rage murya.

“Bature,” haka yake kira na tun da na dawo, “innarka ta tayar da ƙayar baya. Wai jibi sai na kai ta ta ga kunkuru.”

“To ai abin kirki ne, Kawu. Ga motata.”

“Kai dai karatun ne kawai. Ban taɓa shiga ba.”

“Lambun?”

“Ko ɗaya. Direba yana barin motarsa ne? Mutane sun bar jakunkunansu, ga madubi, ga batir. Ka juya baya madubi ya yi ƙafa. A bakin ƙofa muke zama, mu direbobi, har su fito.”

Ya ce a hanyar dawowa fasinjoji ba sa rufe baki, kowa na faɗin abin da ya gani, shi kuma yana tuƙi yana tarawa. Ran da ya fara kai mutane, yana sabon ango, Inna ta tambaye shi yaya wurin yake. Ya ji nauyin ya ce mata ƙofa kawai ya gani, sai ya ba ta abin da ya ji. Ta ji daɗi. Daga nan abu ya yi ta girma, har kunkuru ya san muryarsa.

“In ta gane a yanzu, da wane ido zan dube ta? Kai ka saba da irin wuraren nan. Gobe ka je ka zaga, ka haddace hanya. Jibi kana gefena, in za a yi hagu ka yi tari.”

Na karɓi aikin da alfahari. Washegari na sa takalmin hawan dutse da na zo da shi daga can, wanda bai taɓa ganin dutse ba, na rataya gorar ruwa. Ina shiga na tarar da itatuwan bakin ƙofa an rataya wa kowace allo mai sunanta, sai na tsaya karantawa, don a ganina mai ilimi ba ya wuce allo. Kafin in gama jerin farko takalmin ya fara cin dugadugaina. Na zauna a benci, na sha ruwa, na kalli taswirar da ke jikin bango har na ji kamar na zaga. Ban sauka daga kan siminti ba. Da la'asar na biya gidan Kawu, na tuɓe takalmi a bakin ɗaki, na ɗaga masa gira alamar komai ya yi daidai.

Ranar tafiya Kawu ya sa hularsa ta fita, ya zauna gaba yana gyara mini tuƙi. Muna tsayawa a bakin lambu, direbobin da ke kan benci ƙarƙashin inuwa suka miƙe.

“Sarkin Ƙofa! Kai ne? Matsa masa, ga wurinka nan ba wanda ya zauna.”

“Yau ciki za mu,” in ji Kawu, yana kallon sama.

“Ciki? Kai? Lallai duniya ta zo ƙarshe!”

“Wasa suke, uwar yara,” Kawu ya ce wa Inna da sauri. “Direbobi ba su da aiki sai surutu.” Inna tana gyara mayafi, kamar ba ta ji ba.

Muka shiga. Inda siminti ya ƙare ilimina ya ƙare. Hanya ta rabu biyu, Kawu ya dube ni, na ga ba makawa, na yi tari. Muka yi hagu. Jar laka ta fara kama mana takalma. Hanyar ta kai mu wani wuri da ake tara busassun ganye da kashin shanu.

“Nan ne wurin taki,” in ji Kawu cikin natsuwa. “Nakan fara kawo baƙi nan, don su san tushen abin.”

“Allah Sarki,” in ji Inna.

Muka koma. A mararraba ta gaba ƙura ta shiga mini maƙogwaro, na yi tari na gaske, Kawu ya karya hagu kafin in hana shi. Wannan karon banɗaki muka tarar. Ya matso kusa da ni, yana murmushi saboda Inna, ya ce ta gefen baki:

“Bature, jiya ina ka je?”

“Sun canja hanyoyin, Kawu.”

“Daga jiya zuwa yau?”

Mutane suna ta wucewa, kowannensu ya san inda kunkuru yake. Amma Kawu ba zai tambaya ba, tunda abokinsa ne. Ni ma ba zan tambaya ba, tunda na zaga jiya. Haka muka yi ta tafiya, maza biyu masana, gumi na zuba, Kawu yana waiwaye yana cewa bai yarda da yadda aka bar motar ba kowa a ciki ba. Na san yana neman hanyar da zai faɗa wa Inna gaskiya ne, kalmar ta ƙi fita.

Sai Inna ta ce ƙafarta ta gaji. Ta zauna a benci kusa da wata mata mai goyo, suka gaisa, suka shiga hira ƙasa-ƙasa kamar sun shekara da sanin juna. Mu muna tsaye nesa, ina karanta wa Kawu sunan wata itaciya da bai tambaye ni ba. Can Inna ta taso tana kakkaɓe zane.

“Malam, ba kai ka ce mini bayan itatuwan gora ake gangarawa dama ba? Ko na manta ne?”

Kawu ya ce, “Ashe kina riƙe magana. Gwada ki nake yi.”

Muka gangara dama. Ga tafki, ga agwagi, sai dai ba farare ba ne sosai. Ga wani shinge gajere, a cikinsa wani abu kamar an kife babban kwano. Kawu ya tsaya cak. Ya dafa shingen, ya daɗe yana kallo, ya raɗa mini:

“Bature, ashe gaskiya nake faɗa.”

“Yi masa magana mana,” in ji Inna.

Kawu ya gyara murya. “Dattijo, ina gajiya?”

Kunkuru bai motsa ba. Ni na fara shirya bayani a kan yadda irin waɗannan dabbobi ke barci da rana, Allah ya taimake ni ban kai ga buɗe baki ba. Inna ta ce, “Fushi yake yi. Ka daɗe ba ka zo ba. Sai ka riƙa zuwa duk mako har ya huce.”

“Haka za a yi,” in ji Kawu, bai ɗauke ido daga kan kunkurun ba.

A hanyar fita ya wuce mu da sauri, wai zai duba madubin mota. Na hango shi a bakin ƙofa, direbobi sun kewaye shi, yana buɗe hannuwa yana nuna musu girman wani abu. Na rage tafiya daidai da ta Inna. Na yi ta juya tambayar, a ƙarshe na kasa haɗiye ta.

“Inna, dama kin san bai taɓa shiga ba?”

Ta dubi ƙafafunmu, duk sun yi ja. “Ɗan nan, lambun nan kullum ana ba shi ruwa, duk wanda ya shiga da laka yake fita. Tun ina amarya nake goge takalmin kawunka, ban taɓa ganin laka ba. Naka na jiya ma na duba.”