Yaya Habibu da Ajin da Ba a Musu

Shekara huɗu ke nan da aka kai Yaya Habibu makwancinsa a Gumel. Ni ke bi masa. Malami ne a shirin karatu daga nesa, inda malaman firamare ke ƙaro ilimi ba tare da sun bar aiki ba. Ɗalibansa a warwatse suke, daga Gagarawa har Maigatari, ajin kuwa a cikin waya yake.

Yaya mutum ne mai wuyar yarda. In ya jefa tambaya a zauren ajin, sai amsoshi su zubo: "Haka ne, Malam." "Na goyi bayan wane." Wata rana ya miƙo mini wayar ya ce, "Binta, duba nan. Aji guda, ba wanda ya musa wa wani. Anya su ɗin ne ke rubutun nan?"

Wadda ta fi tsaya masa a rai ita ce Malama Hajara ta Sule Tankarkar. Rubutunta tsaf, amma bai taɓa jin muryarta ba. Sai ya raba ajin biyar-biyar, ya ce kowa ya yi magana da murya, ya ambaci sunan abokin karatunsa, ya faɗi inda suka saɓa. Kwana uku Hajara shiru. Da ya kira lambarta, namiji ne ya ɗauka. Ashe mijinta ke riƙe da wayar, shi ke amsa mata, wai don ya rage mata wahala.

Yaya bai yi faɗa ba. Ranar kasuwa ya hau babur ya je ya gai da mijin, ya ce, "Alhaji, ita za ta tsaya gaban yara, ba kai ba." Mako na zagayowa Hajara ta yi magana. Abin da ta fara faɗa shi ne, "Malam, a nan kam ban yarda da kai ba." Ranar har tsire Yaya ya sayo mana don murna.

Yanzu ni ke riƙe da irin wannan ajin. Amsoshin sun fi na da tsawo da kyau, amma duk kamarsu ɗaya, ina kuma zargin na'ura ke rubuta su. Me Yaya zai yi? Wataƙila ko muryar ma ba zai ƙara amincewa da ita ba.

Bai bar littafi ba, ƙa'idojinsa ma an sauya su bayansa. Abin da ya rage shi ne malaman da ya koyar a ƙauyukan nan, waɗanda ba sa barin yaro ya gyaɗa kai kawai. Na gan su da idona. Tsayawa suke yi, su jira, har yaron ya buɗe baki.

Allah Ya kyauta makwancinka, Yaya.