Sunan Malam Sanusi Ya Fito, Ba Wanda Ya Amsa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan aka kira ni: Malam Sanusi ya rasu. 'Yan bindiga sun tare babur ɗinsa jiya da la'asar a hanyar Ruma.



Shi yana koyar da kwamfuta a Batsari, ni a Safana. Tare muke rubuta firogiram na rajistar ɗaliban da aka tarwatsa ƙauyukansu, don kada sunan kowa ya ɓace kafin jarrabawa. Tunda sabis sai an hau tudu, ya ce mu haɗe duk laburaren cikin fayil guda, ya yi aiki a kowace tsohuwar kwamfuta.

Laburare dai guntayen aiki ne da aka riga aka rubuta. Wata manhaja da ake kira linka ce ke ɗinke su. Wannan ya kira suna, wancan ya amsa. In ba mai amsawa, sai ta tsaya cak.

Sau nawa na kira shi ina masifa ta ƙi haɗuwa! Sai ya yi dariya: "Kai Malam, gaggawa ce ke cin ka. Sa mai tambaya a gaba, mai amsa a baya."

Yana da wata ɗabi'a. Duk aikin da ya rubuta sai ya liƙa sunansa a gaba, wai kada ya yi karo da na wasu. Na sha tsokanarsa da son a sani.

Ranar kasuwa ya zo mini da ƙullin wake daga Wagini. Ya ce saura laburare ɗaya, mai buga sunaye a takarda, yana cikin jan filashinsa. Ya dafa aljihu. "In na gaido tsohuwa zan kawo maka."

Jiya da la'asar na manta bai kawo filashin ba, na sa a haɗa. Layi ɗaya ya fito a baƙin allon: an kira sanusi_buga_suna, ba a same shi ba.

Na yi tsaki na buga masa waya. Tana ta ringin, tana ta ringin.

Yau da aka faɗa mini lokacin da aka tare shi, sai na ga daidai lokacin da layin nan ya fito ne. Na san dalilin saƙon sarai, filashin ne babu. Amma na kasa rufe kwamfutar, kuma na kasa kallonta.

Jibi za a karɓi rajistar. Dole in zauna in rubuta abin da ya rage da hannuna. Sunan da linka ke nema shi zan sa, ba zan canza ko harafi ba. Ni zan amsa masa.

Allah Ya jiƙanka Sanusi, Ya karɓi shahadarka, Ya ba tsohuwa haƙuri. Don Allah duk wanda ya karanta, ya ambaci sunansa a addu'a.